Kwantarwar Yaya

Litinin, 3 ga wata, bayan la'asar

An kwantar da Yaya. Ni na kai shi, a motar da nake koyar da tuƙi, da jan allonta gaba da baya, don ita ce a hannuna lokacin da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta kira ni. Shi ya zauna a kujerar malami, ya ɗora ƙafa a kan birkin gefe, yana ta yi mini barazanar zai taka in na ƙara wuta. Mutum yana jan numfashi da ƙyar, amma bakin nan yana nan daram.

Ɗaki ne mai gado biyu a hawa na uku, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Da ma'aikaciyar jinya ta ce za su kwantar da shi, sai ya juyo ya ce mini, "Ka ji ko, Guduma? Yau ni ne ƙwallon." Auta ta yi dariya, dama ita 'yar gidan ubanta ce. Ni ban ga abin dariya ba.

Likita ta tsayar da ni a baranda ta yi magana mai tsawo. Matar Yaya ta tambaye ni me ta ce, na ce ta ce da sauƙi.

Laraba, 5 ga wata, da hantsi

Ƙafa ta saba, na tashi na tafi filin tanis ba tare da na yi niyya ba. Sai da na ajiye jaka a kan benci na tuna ba ni da abokin wasa.

Tun muna samari ni da Yaya muke wasan bibbiyu, kuma ba mu taɓa sauya wuri ba, shi a bakin raga, ni a baya. Ni aikina duka ne. In ƙwallo ta zo na narka mata, ta shiga ko ta fita wannan kuma ruwanta, shi ya sa har 'ya'yana sun san ana ce mini Guduma. Shi kuwa Yaya yana da bugunsa guda da ya sa wa suna kwantarwa. Sai na kora abokan karawa can baya da duka, su maido da ƙarfi, shi kuma ya tare ta a iska kafin ta taɓa ƙasa, ya zura raket ta ƙarƙashinta kamar mai ɗebo miya da ludayi. Ƙwallon ta haye raga da ƙyar tana juyawa da baya, ta dira, maimakon ta yi gaba sai ta ɗan zame ta yi dama, ta tsaya. Kafin mutum ya rugo daga baya ta gama abin da take yi. Daga nan Yaya ya sauke raket, ya haɗe fuska kamar wanda aka aiko da mummunan labari, ya ce, "Ta kwanta dama. Sai haƙuri."

Shekara da shekaru yana wannan shaƙiyancin, kuma har yau Hedimasta bai daina jin haushi ba, Mai Kemis bai daina dariya ba. Su biyun ne abokan karawarmu na kullum. Yau na same su suna buga ɗaiɗai kamar waɗanda aka yi wa dole. Sun tambayi mai jiki, na ce da sauƙi. Hedimasta ya ce in gaya masa ya yi maza ya tashi, yana jiransa da ramuwa.

Juma'a, 7 ga wata, da yamma

Da sauƙi. Ya sha rabin kofin shayi.

Lahadi, 9 ga wata, bayan azahar

Sakamakon ya fito. Ba zan rubuta sunan abin ba, bakina ma bai iya shi ba, kuma ba na son ya iya.

Likita ta zaunar da mu, ta yi magana da irin muryar da nake yi wa ɗalibin da ya sake faɗuwa jarrabawa. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya yi mata godiya, sannan ya ce shi dai gida yake so. Yana son kujerarsa ta baranda, yana son ya riƙa jin ƙarar ƙofar gidansa, ya gaji da fitilar da ba a kashewa. Likita ta ce hakan ma hanya ce, za su rubuta abin da zai rage masa ciwo.

Nan na miƙe. Na ce wace irin hanya ce wannan? Akwai babban asibiti a wani gari, tafiyar yini guda, wani tsohon ɗalibina yana aiki a can, kuma na riga na yi masa waya. Na ce mu ba mu taɓa ajiye raket ana tsakiyar wasa ba. Na ɗaga murya har mai gadon gefe ya juya ya fuskanci bango. Matar Yaya ta sunkuyar da kai, Auta tana kallon taga.

Yaya ya bari na gama. Ya ce zai iya sa hannu ya fita gobe, ba mai hana shi, amma ba zai shiga gidansa ƙaninsa yana fushi da shi ba. "Kai ka kawo ni, kai za ka mai da ni."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce to, in haka ne ba inda za shi sai ya koya mini kwantarwa tukuna, don ba zai bar ni da raga ba kowa a bakinta ba. Na faɗa ne don na san kaina. Ya sha gwada koya mini tun gashina yana baƙi, ko sau ɗaya ban taɓa yi ba, kuma kafin in iya ai an ba mu gado a wancan asibitin.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ranar da ka kwantar, ka kai ni gida?" Na ce na yarda. Ya miƙo hannu muka tafa, hannun ba nauyi.

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Auta ce za ta riƙa turo mini ƙwallo kafin ta wuce wurin aiki. Ta fi ni iya wasa, ta fi uban ma in ban da bakin raga. Ta kawo kwandon ƙwallayen Yaya ta tsaya a layin baya, ni kuma ina bakin raga kamar baƙon da aka sauke a ɗakin da ba nasa ba. Ta farko ta wuce ta saman kanta ta daki wayar da ta kewaye fili. Ta biyu ta shige raga. Haka muka ƙarar da kwando, ba ɗaya da ta yi kama da ta Yaya. Mai Kemis yana kan benci yana cewa a raba wa tsuntsaye hular kwano.

Gaskiya na ji daɗi. Na koma mota ina yin fito.

Talata, bayan la'asar

Na kai wa Yaya rahoto. Ya sa Auta ta dunƙule safa, ya karɓi silifarsa ya mai da ita raket. Ya ce riƙon da nake yi daidai ne, yadda ake riƙe guduma, sai dai ba ƙusa aka ce in buga ba. Fuskar raket ta ɗan kalli sama. Gwiwa ce za ta durƙusa, ba baya ba. A tare ta a gaban jiki, kada a jira ta iso. In ta taɓa zaren raket kada a tura, a bar raket ya ɗan ja da baya tare da ita ana zamewa ta ƙarƙashi, wannan ne yake sa ta juya da baya. "Ba dukanta za ka yi ba, karɓarta za ka yi. Baƙuwa ce ta zo a guje, ka ce mata sannu da zuwa."

Auta ta jefa safar, ya tare da silifa, ta sauka a kan bargo ta tsaya cik. Sau ɗaya ya yi, sai tari ya taso, mun daɗe kafin ya lafa. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce nan ba filin wasa ba ne. Ya ce ta yi haƙuri, ɗalibin ne daƙiƙi.

Alhamis, 13 ga wata, da rana

Na yi sabuwar ɗaliba, mai ɗinki ce, ta sayi mota kafin ta koyi tuƙi. Ta ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin hannunta sun fito, mota tana ta tangaɗi a filin da ba kowa. Na gaya mata abin da nake gaya wa kowa, ta sassauta, sitiyari ba zai gudu ba, kuma wanda ya matse shi ba ya jin abin da hanya take gaya masa. Ta ce in ta sassauta ji take kamar za mu mutu. Na ce mata ai ga birki a gefena.

Can ta tambaye ni ko lafiya, wai na yi shiru. Na ce ta kula da madubi.

Na kira tsohon ɗalibin nawa, ya ce yana kan magana da manya.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Yaya ya ba ni aikin gida, in riƙa jefa ƙwallo sama ina tare ta a kan zare ba tare da ta yi tsalle ba. Na yi a falo na fasa ƙwan fitila. Maiɗakina ta zo da tsintsiya tana sharewa, ba ta yi mita ba, abin da ya fi mitar ciwo. Da ta gama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, wai ni ina son in iya ne ko ba na so? Na ce mata ƙwan dama ya kusa ƙonewa.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

Da sauƙi, in ji kowa.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Mai Kemis ya tambaye ni wane magani ake ba Yaya. Akwai wani kwali a aljihuna, na nuna masa. Mutumin da in ƙuda ya gifta sai ya yi dariya, ya karanta, ya juya bayan kwalin, ya maido mini, ya hau ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure. Hedimasta ya fara cewa shi a ganinsa, in mutum ya ce gida yake so, na katse shi na ce ba a aji muke ba kuma ban ɗaga hannu ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, bai kamata ba, amma ban ba shi haƙuri ba.

Litinin, 17 ga wata, bayan la'asar

Gadon gefe ba kowa. An yaye zanin, an goge katifar. Ban tambaya ba, Yaya dai ya ce yanzu ɗakin duk nasa ne.

Na gaya masa har yanzu ba labari. Ya ce in matso, ya miƙo tsintsiyar hannunsa ya ce in riƙe yadda nake riƙe raket. Na riƙe. Ya runtse ido ya ce, "Kai, Guduma, ƙanin mutum ne kai ko ɗan sanda?" Da na saki, shatin yatsuna ya fito a fatarsa, bai ɓace ba har na tafi.

Ya ce abin duk yana ga ƙananan yatsu. Babban yatsa da manuni su riƙe, sauran su yi kamar suna nan alhali ba sa nan, kuma a daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa zare. Wanda ya saki da wuri raket ya juye masa, wanda ya ƙi saki ƙwallo ta tashi sama. Ya ce tun ina yaro haka nake, in an ba ni ɗan tsako in riƙe sai an zo an ƙwace.

Na ce masa wancan asibitin sun kusa ba da amsa. Ya ce to. Ya tambaye ni ko ana share ganyen da ke taruwa a kusurwar fili, don yana sa santsi.

Laraba, 19 ga wata, da hantsi

Ina zuwa fili kullum, kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Amma na lura in na ji hannuna yana neman yin laushi sai in ƙara matsewa. Ban ce da gangan nake yi ba, ban kuma ce ba da gangan ba ne. Auta ta daina gyara mini, turowa kawai take yi.

Laraba, da yamma

Na biya gidan Yaya in ɗauko masa rigar sanyi. Matar Yaya ta dawo sauya kaya, na same ta a baranda tana goge kujerarsa, kujerar da ba wanda ya zauna a kai tun da aka tafi. Tun ina ɗan makaranta ta shigo gidanmu, ita ta yi ta rufa mini asiri wajen Yaya in na yi ɓarna, kuma kullum tsokana ce tsakaninmu. Yau ba ta tsokane ni ba. Ta kawo mini ruwa, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar, ta ce ba roƙona take yi ba, ta san irin son da nake masa. Sai dai kowace safiya in ya farka yakan tambaye ta ko rana ta fito, don tagar can ba ta ganin gabas. "Ƙanina, ni ma ba na so. Amma ba mu ake tambaya ba."

Na ce mata ruwan ya yi sanyi da yawa. Na fita na manta rigar, sai daga bakin titi na dawo.

Alhamis, 20 ga wata, bayan azahar

Tsohon ɗalibin ya kira, sun duba abin da na aika. Ya yi ta kwana-kwana yana Malam, Malam, kamar mai neman cusa mota a wurin da ya san ba za ta shiga ba. Ƙarshenta ya ce in mai jiki zai iya jure tafiyar, a kawo shi su gani. Na ce su ga me? Sai ya koma Malam, Malam.

Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 21 ga wata, da hantsi

Ta faru.

Ban yi barcin kirki ba, na je fili jikina kamar an yi mini duka. Auta tana turowa, ni hankalina yana kan wayar jiya, na ma manta ina riƙe da wani abu. Sai ga wata ta zo ta damata, daidai tsayin raga. Ban san me na yi ba. Ba ta yi ƙara ba, wannan na fara lura da shi, wani ɗan sauti ne kamar an ajiye kofi a kan tawul. Na ga rubutun jikinta yana juyawa da baya, ta haye, ta dira, ta zame ta yi dama, ta tsaya a inda ta Yaya take tsayawa.

Daɗin da na ji, Allah ya sani, ban taɓa jin irinsa a filin nan ba. Bai kai ƙiftawar ido ba na tuna alkawarinmu.

Auta ta tsaya da ƙwallo a hannu. Na ce gefen raket ta daka, dace ne kawai, wannan ba ta cikin lissafi. Ba kowa a fili sai mu. Ta sunkuya ta fara tsince ƙwallaye, alhali ko rabin kwando ba mu ci ba. Waccan ɗayar ta bar ta a inda take, ni ma ban ɗauka ba.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Ban je asibiti ba. Na ce motar tana gareji.

Lahadi, 23 ga wata, bayan la'asar

Motar lafiyarta ƙalau, ina cikin wanke ta Auta ta zo. Ta shiga ta gaida maiɗakina, ta ƙi zama, ta dawo ta tsaya a kaina. Ta ce jiya Babanta bai ci komai ba, kuma duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai. Na ce zan zo. Ta ce, "Ban gaya masa ba, Baffa. Ba da ni aka yi alkawarin ba."

Yarinyar da na koya wa mota tana kuka a kan kuloci, yau ita ce take mini wannan maganar ko murya ba ta ɗaga ba. Na so in yi mata faɗa na rasa ta inda zan fara.

Litinin, 24 ga wata, bayan la'asar

Na je da ƙaryata a shirye. Yaya ya faɗa ƙwarai a ɗan tsakanin nan, matashin kai ya fi ƙarfin kansa. Ya ce ya motar? Na ce da sauƙi. Ya yi murmushi. Ya tambayi fili, na ce har yanzu sama suke tashi, Mai Kemis shaida ne. Ya ce to, kawo hannu mu gani, ya miƙo tsintsiyar hannunsa.

Na yi niyyar matsewa, wallahi na yi niyya. Amma da na ga shatin wancan makon yana nan har ya yi baƙi, sai yatsun suka ƙi. Babban yatsa da manuni suka zagaye hannun har suka haɗu, sauran suka kwanta a kan fata kawai. Ina jin jijiyarsa tana bugawa a hankali, abin da ban ji ba ranar da na matse.

Ya rufe ido ya daɗe. Sannan ya ce, "Yaushe?"

Na ce Juma'a.

"Wane gefe ta yi?"

Na kifa kai a kan bargon, ni da furfurata, na yi abin da ban yi ba tun rasuwar Inna. Ya ɗora hannu a ƙeyata ya bar shi a nan. Bai yi mini faɗan kwanakin da na cinye masa ba, da ma ya yi. Abin da ya ce kawai in zo da motar koyo, don yana son kujerar birki.

Laraba, 26 ga wata, da yamma

Na kai shi gida. Ban taɓa tuƙi irin na yau ba. Kowane rami sai da na lallaɓa shi, na baya suna ta danna hon, suna ganin jan allo suna zagin ɗalibin da ke ciki. Yaya ya ce a ƙarshe dai na koyi mota. Ƙafarsa tana kan birki amma bai taka ba, ban sani ba ko da ƙarfin takawar.

Da muka zo kwanar fili ya ce in shiga. Matar Yaya ta ce a'a, ya ce ba daɗewa za a yi ba. Na faka a jikin waya daidai saitin raga, aka sauke masa gilashi. Hedimasta da Mai Kemis suka bar wasa suka zo. Hedimasta ya buɗe baki zai yi zancen ramuwa, da ya ga fuskar sai ya ce fili ya yi kewarsa. Yaya ya ce ba gaisuwa ta kawo shi ba, kwantarwa ya zo gani.

Na ari raket ɗin Mai Kemis, da takalmin aiki a ƙafata, Auta ta tsaya a baya. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so wannan ƙwallon ta kwanta ba, kuma abin da ya ɓata lamarin ke nan. Ta farko ta yi sama. Ta biyu raga. Na ce ta ƙara, ta ƙara, na ce ta ƙara. Wata har ta tsallake waya ta dira a rufin motar, daidai saman kansa. Daga inda nake na jiyo dariyarsa, 'yar siririya, a haɗe da tari. Matar Yaya ta ɗago mini hannu, ya isa.

Da na shiga mota na ce masa wallahi ranar Juma'a ta yi. Ya ce ya sani, ai ya ji hannun. "Guduma dai guduma ne in ana kallonsa. Ja mu tafi."

Bai gani ba ke nan.

Asabar, 29 ga wata, da hantsi

Yana kujerarsa ta baranda, an lulluɓe shi, rana tana dukan ƙafafunsa. Yawanci barci yake yi. In ƙofar gida ta yi ƙara yakan faɗi wanda ya shigo ba tare da ya buɗe ido ba, kuma bai cika yin kuskure ba. Ni ya ce ba na ba shi wahala, don ba rufe ƙofa nake yi ba, dukanta nake yi. Yau na rufe a hankali, ya ce wane ne?

Maƙwabci ya tambaye ni ya mai jiki, na ce da sauƙi. Karo na farko ke nan da ban ji ina yin ƙarya ba.

Litinin, 31 ga wata, da safe

Ya ce a ba ni raket ɗinsa. Na ce ya ajiye abinsa.

Laraba, 2 ga sabon wata, da rana

Na soke darussan makon nan.

Alhamis, 3 ga wata, da yamma

Takalman masu ta'aziyya sun cika ƙofa har bakin titi. Duk wanda ya zo kalma biyu ce a bakinsa, kuma ba su san abin da suke tuna mini ba. Hedimasta ya sani. Da ya zo gabana ya riƙe hannuna kawai, na ce masa ya yafe mini maganar rannan. Ya ce wace magana?

Talata, 8 ga wata, bayan azahar

Na koma aiki. Mai ɗinki yanzu har hannu ɗaya take sakewa ta gyara mayafi, na ce mata ban ce ta kai nan ba.

Kujerar tana baranda. Matar Yaya ta goge ta.

Lahadi, 13 ga wata, da hantsi

Auta ce ta zo ta tashe ni. Ta ce Hedimasta da Mai Kemis ba su da abokan wasa, kuma Babanta ba zai so a bar ganye ya taru ba. Na buɗe but ɗin mota in ɗauki raket ɗina na ga nasa a kai, ashe tun ranar da ya ce a ba ni ta sa mini. Fatar mariƙin ta lotsa a wurin babban yatsa da manuni, ƙasan kuwa kamar sabo. Shi na ɗauka.

Na nufi layin baya kamar kullum, Auta ta ce, "Baffa, nan wurina ne." Na tafi bakin raga.

Sun cinye mu zagayen farko ba wahala. Ba wanda ya tsokani wani, Mai Kemis ko tari bai yi ba. Can a tsakiyar na biyu Auta ta narka wata mai ƙarfi, irin tawa, ta kora Hedimasta har jikin waya. Ya maido da ƙyar, ta nufo ni daidai tsayin raga. Ban yi tunanin komai ba, na dai ji ɗan sautin nan. Ta haye, ta dira, ta zame.

Hedimasta ya taso a guje kamar yadda ya saba tasowa shekara da shekaru, ya tsaya a rabin hanya. Mu huɗu muka tsaya muna kallonta a inda ta kwanta. Shirun ya yi tsawo, irin wanda ake bari don wani ya yi magana, kuma duk mun san wane ne. Auta ta juya baya. Hedimasta ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in faɗa mana, ai ni ne a bakin raga.

Na sauke raket. Rabin farko ya ƙi fita. Na ce, "Sai haƙuri."

Ya ce, "Sai haƙuri, Guduma." Sannan ya sunkuya ya ɗauko ta ya miƙo mini ta saman raga, don bugun sabis namu ne.